Zoben zinariya na hannu: yadda ake karanta hatiminsa da yi masa kuɗi a Yamai (tambayoyi da amsoshi)

Yawancin zobban zinariya da ke canja hannu a Yamai ba sababbi ba ne. Wani tsarabar Makka ce da ta daɗe a ƙasan akwati, wani daga kayan aure ya fito, wani gadon uwa ne, wani kuma ɗan'uwa ne ya aiko da shi daga Faransa. Ranar da buƙata ta taso, ko kuɗin makaranta ko asibiti ko rabon gado, sai a ɗauko shi a nufi wajen maƙeran zinariya a Babbar Kasuwa ko Wadata ko shagunan Shato 1, mai zobe bai san abin da ke hannunsa ba, mai shago kuwa ya sani sarai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a gaban sikeli.

A ina hatimin yake, kuma yaya zan gan shi?

Fara duba cikin zoben, wajen da ke taɓa yatsa. Nan Larabawa da Indiyawa da Italiyawa da Ingilishi suke buga nasu. Faransawa kuwa sun saba bugawa a bayan zoben, daga ƙasa, ɓangaren da ke fuskantar tafin hannu, shi ya sa nasu ke saurin gogewa, kuma mutane da yawa ke cewa zobensu ba shi da puwanso, wato hatimi, alhali yana nan, wajen da ba su duba ba ne. Wanke zoben da ruwan ɗumi da sabulu, ki goge da tsohon buroshin haƙori, don dattin hannu da mai su ne ke cike ramin rubutun. In ba ki da madubin maƙera mai ƙara girman abu, kamarar waya ta isa: ki fita inda akwai hasken rana, ki ɗauki hoto, ki buɗe shi. Kada ki sa allura ko reza ki ce za ki kankare.

Na ga an rubuta 750. Mene ne ma'anarsa?

In aka kasa ƙarfen zoben kashi 1000, kashi 750 zinariya ce tsantsa, sauran 250 azurfa ce da jan ƙarfe da aka gauraya don zoben ya yi ƙwari. Zinariya zalla tana da taushi, zoben da aka yi da ita ba ya jure aikin gida, lanƙwashewa yake yi. Shi wannan 750 shi ne karat 18, wanda ƴan kasuwa ke ce wa dizwit. Lissafin karat a kan 24 yake: 18 cikin 24 kashi uku ne cikin huɗu.

Sauran lambobin haka suke tafiya. 916 karat 22 ne, irin wanda Indiyawa suka fi so. 875 karat 21 ne, shi ne ya fi yawa a kayan Makka da Madina da Dubai. 585 karat 14 ne, 417 karat 10, 375 kuma karat 9, wanda zinariyar cikinsa ba ta kai rabi ba. 999 zalla ce, a ƙaramin bulo ko kwabon zinariya aka fi ganinta, da wuya a zobe. A kayan ƙasashen Larabawa lambar kan zo da rubutunsu: ٢١ ko ٨٧٥ karat 21 ke nan, ١٨ ko ٧٥٠ kuma karat 18.

Lamba ɗaya da za ki yi hattara da ita ita ce 925. Wannan ta azurfa ce. Zobe mai launin zinariya da aka buga wa 925 azurfa ne da aka yi wa ruwan zinariya, kuɗin azurfa za a ba ki.

Malam, nawa ba lamba a jikinsa, sai wani ɗan hoto kamar kan tsuntsu. Zinariya ce?

Hajiya, in kan gaggafa ne, albishirinki. Wannan shi ne hatimin hukumar Faransa na karat 18, suna amfani da shi tun 1838, kuma tsofaffin kayansu ba sa ɗauke da lamba ko kaɗan, hoton shi ne shaidar. Ganin daɗewar hulɗar Nijar da Faransa, irin waɗannan zobba ba baƙi ba ne a Yamai, musamman zobban aure na tsofaffin ma'aikata da waɗanda suka yi karatu can.

Har zuwa 1994 dokar Faransa ba ta yarda a sayar da abin da ya gaza 750 da sunan zinariya ba. Daga shekarar ne aka shigo da ƙananan karat, kowanne da hotonsa: ɓawon katantanwar teku mai zane-zane na karat 14 ne, ganye mai kunnuwa uku kuma na karat 9. To kin ga ko ba kwanan wata, zobe mai wannan ganye ya riga ya faɗi cewa bai girmi 1994 ba, ko da mai sayarwa ya rantse cewa na kakarsa ne tun zamanin Diori.

Akwai kuma mujiya. Tun 1893 suke buga ta a kan kayan zinariyar da suka shigo daga waje ko tsofaffin da ba a san asalinsu ba, bayan an gwada su. Kusa da hoton hukuma za ki ga wani ƙaramin hatimi mai kusurwa huɗu tsaye a kan tsininsa, irin karo na karta, da haruffa biyu da ɗan zane a ciki. Wannan na maƙerin ne. Ki lura da siffar da kyau, don in hatimin maƙeri ya zo murabba'i sosai, zaune daram, ba siffar karo ba, alamar plake ce: tagulla ce a ciki, zinariyar shafe ce kawai. Bambancin siffar nan kaɗai na iya zama bambancin jika ɗari biyu da jika biyu.

Abu ɗaya kuma: a dokarsu ta yanzu kayan zinariyar da bai kai garam 3 ba ba dole ne ya ɗauki hatimin hukuma ba. Siririn zobe daga Faransa mai hatimin maƙeri kaɗai ba abin zargi ba ne.

Wani zoben na ga hotuna huɗu ko biyar jere a cikinsa. Na ina ne?

Wannan aikin Birtaniya ne, kuma babu wanda ya kai su yawan bayani a jikin zobe. Akwai haruffan mai ƙira ko kamfanin da ya kai shi gwaji, akwai lambar karat, sau da yawa da kambin sarauta kusa da ita, sannan alamar ofishin da ya gwada: kan damisa na Landan, anga ta jirgin ruwa ta Birmingham, fure na Sheffield, gidan sarauta mai hasumiya uku na Edinburgh. Ofisoshin Birmingham da Sheffield tun 1773 aka kafa su. Harafi guda da ke ƙarshe shekarar gwajin yake nunawa, sai dai ba a karanta shi da ka, dole a duba jadawalin ofishin, don siffar harafin da ta ɗan gidan da yake ciki suna canjawa duk zagaye. Daga 1999 harafin shekara ya zama ganin dama.

Sai dai kada yawan hotunan ya ruɗe ka. Kayan Ingila da yawa 375 ne. Zobe mai hatimi biyar na karat 9 bai kama ƙafar zoben Makka mai lamba ɗaya tak ba, in nauyinsu ɗaya.

Na Italiya da na Indiya fa?

Na Italiya sauƙi gare shi: 750, sai tauraro da lamba da haruffa biyu na lardin da aka ƙera shi. AR Arezzo ne, VI Vicenza, AL kuma lardin Alessandria inda garin Valenza yake. Kaya da yawa masu karat 18 da ake sarowa daga Dubai asalinsu Italiya ne. Na Indiya za ka ga alamar hukumarsu ta BIS mai kusurwa uku da 22K916, kuma tun 2021 suna ƙara wata lamba mai haruffa da alƙaluma shida da ta keɓanta ga kowane kaya. In ka ga hoton ma'auni mai faranti biyu da lamba a tsakiya, hatimin haɗin gwiwa ne na ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Viyana ta 1972, irin su Suwizalan.

Waɗanne haruffa ne ke nuna ba zinariya ba ce?

GP, GEP, HGE, RGP da GF. Duk wanda ka gani a cikinsu, ko da 18K na gabansa, shafe ne ko ɓawo a kan wani ƙarfe. 18K GP na nufin ruwan da aka shafa ne karat 18, ba zoben ba. 1/20 12K GF kuma na nufin kashi ɗaya cikin 20 na nauyin ne kawai zinariya, ita ma karat 12. Maƙeri ba zai saya ba, in ma ya saya kuɗin goro ne.

To in na ga 750 ko 21K ba wasu haruffa, na saya hankali kwance?

A'a. Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci. Ɗan ƙarfen da ake buga 750 da shi abin sayarwa ne, kowa na iya mallakarsa, guduma ɗaya ce tsakaninsa da zoben tagulla. Lamba ita kaɗai da'awar mai ƙira ce, ba wanda ya gwada ya sa hannu. Hatimin hukuma irin kan gaggafa ko damisar Landan ya fi nauyi, don akwai ofis a bayansa kuma kwaikwayonsa na da wuya, amma shi ma ana yanko guntun zobe na gaske mai hatimi a liƙa shi a jikin na ƙarya. Hatimi zai gaya maka abin da za ka sa ran gani. Gwaji ne zai tabbatar, kuma zoben na hannu, ko daga hannun wa ya fito, sai an gwada.

Haka kuma rashin hatimi ba hukunci ba ne. Zoben da aka rage wa faɗi ko aka ƙara, sau da yawa daidai wajen hatimin ake yankawa. Maƙeranmu na gida kuma da yawa ba sa buga komai. Tun da aka samu zinariyar Jado da Cibarkaten a 2014, ɗanyar zinariya ta yawaita a hannun mutane, ana kai wa maƙeri ya narka ya yi zobe ko ɗan kunne. Irin wannan yana iya fin karat 21, yana iya gazawa 18, ya danganta da irin zinariyar da abin da maƙerin ya ƙara mata. Ita kanta ɗanyar daga rami take fitowa haɗe da azurfa.

Wane gwaji zan iya yi a gida kafin in je kasuwa?

Mayen ƙarfe shi ne na farko. Zinariya ba ta binsa. In zobe ya manne, magana ta ƙare. Amma in bai manne ba, ba a ce komai ba tukuna, don tagulla da azurfa su ma ba sa binsa. Sai ki duba gefuna da ƙasan zoben inda ya fi gogayya: plake can yake fara tona kansa, launi biyu za ki gani.

Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne na ruwa, wanda masu sayen ɗanyar zinariya ke yi kullum. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19.3, azurfa sau 10.5, tagulla wajen sau 8.5. Karat 22 kan faɗa wajen 17.7, karat 18 tsakanin 15 da 16, karat 14 wajen 13 zuwa 14. Ki auna zoben. Ki ɗora ƙaramin kofi da ruwa a kan sikeli ki mayar da shi sifili, ki ɗaure zoben da siririn zare ki nutsa shi cikin ruwan kada ya taɓa ƙasa ko gefe, ki karanta. Ki raba nauyin farko da na biyu. Zobe mai garam 5 da ya nuna 0.32 a ruwa ya ba da 15.6, karat 18 ke nan. In ya nuna 0.58, tagulla ce.

Amma gwajin nan yana da iyaka. Sai sikelin da ke karanta 0.01, kuma a ƙaramin zobe kuskure kaɗan na juya lissafi: 0.30 maimakon 0.32 zai ba ki 16.7, ki ɗauka karat 21 kike riƙe da shi. Zobe mai dutse ko mai rami a ciki kuwa ba ya shiga wannan gwaji ko kaɗan. Ya isa ya raba zinariya da tagulla, bai isa a yi ciniki a kansa ba. Cizo da haƙori da goga zobe a gashi, waɗannan a bar su.

Shi maƙeri da me yake gwadawa? Ba zai ɓata mini zobe ba?

Baƙin dutse gare shi mai santsi. Zai goga zoben ya bar layi, ya ɗiga ruwan asid na karat ɗin da ake da'awa. In layin ya tsaya, zoben ya kai. In ya narke ya ɓace, bai kai ba. Abin da dutsen ke ci bai kai a auna ba. Sai dai in shafen ya yi kauri, gugar sama za ta nuna zinariya, shi ya sa wanda ya san aikinsa zai nemi izini ya ɗan zaga da zarto a ciki, inda ba a gani. In kai ne mai saye, ka yarda da wannan, kai ma ka nema. Ka ce kuma a goga wuri biyu, da kan zoben da ƙasansa, don wajen da aka taɓa yin gyara ana liƙa shi da ƙarfe mai ƙarancin karat. Akwai na'urar da ke haska ƙarfe ta fitar da kason kowane sinadari a allo. Tana da kyau ƙwarai, amma ita ma saman ƙarfen take karantawa.

Kada zoben ya bar idonki. A gabanki za a auna, a gabanki za a goga, sikelin ya fara daga sifili kina gani.

Yaya ake lissafin kuɗinsa?

Abu uku ne: nauyi, karat, da farashin ranar. Farashin duniya a kan oza ake faɗinsa, ozar zinariya kuma garam 31.1 ce. A Landan ake tsayar da shi sau biyu a rana, kuma kowace waya mai intanet za ta nuna shi. Gara ka nemi farashin garam da yuro, don sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta motsi, dalar Amurka kuwa kullum da nata canjin.

Mu ɗauka, don sauƙin lissafi kawai, garam na zalla jika 60 ne. Zobe mai garam 5 na karat 18 yana da garam 3.75 na zinariya, jika 225 ke nan. In karat 21 ne, garam 4.375, jika 262 da rabi. Karat 14, jika 175 da rabi. Karat 9, jika 112 da rabi. Zobe huɗu, nauyi ɗaya, kuɗi daban-daban.

Wannan adadi shi ne rufin ciniki ga mai sayarwa. Maƙeri zai ba da ƙasa da shi, don zai narka, za a yi asara a wuta, kuma shi ma da iyali. Wannan ba cuta ba ce. Cutar ita ce a saya a kan karat 18 abin da aka gwada aka ga 21, ko a yi maka kuɗi a dunƙule ba a faɗi nawa ake sayen garam ba. Ka tambayi kuɗin garam kafin ka fito da zoben daga aljihu, ka zaga shago uku. Kuma kada ka yi ciniki da farashin da ka sani bara: oza ta haye dalar Amurka 2,000 a 2020, ta haye 3,000 a Maris na 2025, ta haye 4,000 a Oktoba na shekarar. Wadda ta sayi zobenta da daɗewa, kuɗin da ke kan tsohon resinta ba ya nufin komai yau.

Na saye shi da tsada a Dubai, me ya sa aka taya ƙasa da yadda nake zato?

Saboda kin biya kuɗin ƙira da ribar shago, su kuwa ba sa dawowa. Mai narkawa ƙarfe yake saye, ba ado ba. Inda ƙira ke da kuɗi shi ne zoben babban gida irin Cartier mai lambarsa da takardunsa, ko tsohon aiki mai cikakken hatimi, su ma sai an samu mai neman irinsu. Irin wannan kada a yi gaggawar kai shi wuta. In ke ce mai saye kuwa, a nan ribar na hannu take: bai kamata a caje ki kuɗin ƙira kamar na sabo ba.

Duwatsun da ke kai fa, ana auna su tare?

Lokacin saye a shago sau da yawa tare ake aunawa, lokacin sayarwa kuma sai a cire. Yawancin fararen duwatsun da ke kan zobban Makka da Dubai zirkon ne na masana'anta, ba su da kuɗi. Kada a yi miki ƙiyasin nauyinsu da baki; in kin yanke shawarar sayarwa, a cire su a auna ƙarfen shi kaɗai, a ba ki duwatsunki. In kina zaton lu'ulu'u ne na gaske, a gwada kafin a taɓa. Shi karat na dutse awo ne na nauyi, kashi ɗaya cikin biyar na garam, ba ruwansa da karat na zinariya.

Ya halatta in ba da tsohon zobe in cika kuɗi in karɓi sabo?

Malamai sun yi magana a kan wannan sosai. Hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Muslim ya ce zinariya da zinariya sai daidai wa daida, hannu da hannu. Akwai kuma hadisin Fadala ɗan Ubaidu, wanda ya sayi sarƙa mai zinariya da duwatsu dinari 12 a ranar Khaibar, da ya rarraba ta sai ya samu zinariyar ta fi dinari 12, Annabi (SAW) ya ce kada a sayar da irinta sai an rarrabe. Hanyar da ta fita daga shubuha ita ce ciniki biyu: ki sayar da tsohon ki karɓi kuɗinki a hannu, sannan ki sayi sabon. Sayen zinariya bashi ko biya kaɗan-kaɗan shi ma ya shiga wannan babi, a tambayi malami kafin a ƙulla.

Akwai zakka a kan zobe? Namiji kuma da ya gaji na mahaifiyarsa ya zai yi?

Nisabin zinariya miskali 20 ne, wajen garam 85, ana fitar da kashi ɗaya cikin 40. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba zakka a kansu. Wanda aka ajiye don kasuwanci ko don ya zama dukiyar ajiya shi ne ke shiga lissafi, a haɗa shi da sauran kuɗi. Namiji ba ya sa zinariya, amma mallakarta halal ce: ya ba matarsa ko ƴarsa, ko ya sayar. In zoben cikin kayan gado yake, a kai shi a gwada a auna a gaban magada biyu ko uku, a rubuta karat da nauyi da farashin ranar, don wanda zai riƙe shi ya san nawa aka ɗora a kasonsa.

Zobena yana baƙanta mini yatsa, wani wuri kuma ya yi fari. Jabu ne?

Ba lallai ba. Jan ƙarfe da azurfar da ke cikin karat 14 ko 9 suna haɗuwa da zufa da man shafawa su bar baƙi, a zafin Yamai kuwa zufa ba ta yankewa. Farin tabo kuma sau da yawa daga zaiba yake, wadda ake samu a wasu mayukan bilicin. Tana kama zinariya nan take, sai maƙeri ya gyara. Ruwan jabel shi ma yana cin gaurayen zoben har ya tsage, a cire shi kafin wanki. Farar zinariya kuwa dama ruwan wani farin ƙarfe mai suna rodiyom ake yi mata a sama, in ya goge sai ta koma ɗan rawaya-rawaya, 750 ɗinta na nan.

Wani ya tare ni da zobe a hanya, yana neman rabin kuɗi. In saya?

Wanda ke da zinariyar gaske ya san hanyar shagon maƙera, ba zai sayar maka rabin kuɗi a bakin tasha ba. Ko tagulla ce, ko ta sata ce, doka kuma tana kama mai sayen kayan sata kamar yadda take kama ɓarawon. Ko daga maƙwabciya za ki saya, ku tafi wajen maƙeri tare, ki biya shi ladan gwaji, a rubuta takarda da sunan mai sayarwa da lambar katinta na ɗan ƙasa da karat da nauyi da kwanan wata, shaida ɗaya ya sa hannu. Ki ɗauki hoton hatimin ki ajiye tare da takardar, don ranar da za ki sayar, ko ranar da zoben ya ɓata kika je komisariya, su za a fara tambayarki.